Dogon hutu ya zaunar da ni, tambaya ta taso: me nake yi a Legas?

Malamin Agege:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Ku yi mini haƙuri, maganar za ta ɗan ja, don ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na kasa faɗa wa kowa baki da baki.

Ni malamin firamare ne a wata makarantar kuɗi a wajen Ogba, aji huɗu nake riƙewa. A Agege nake haya, ciki da falo, ni da matata da yara uku. Shekarata 38. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Kakana Bamaguje ne, har ya rasu bai taka majami'a ba, babana ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Na sauka Legas a 2014 wurin kawuna da ke sayar da tumatir da tattasai a Mile 12. Niyyata in yi shekara biyu, in tara abin ƙaro karatu, in koma. Ga shi an haura shekara goma.

In makaranta na ci, ba ni da sararin tunani. Ƙarfe huɗu da rabi na tashi, mu yi addu'ar asuba, in bi layin ruwa, in kama danfo kafin gosulo ya haɗe. In na dawo, ga littattafan yara arba'in suna jiran jan biro. Sai dai in ci abinci in faɗi. Amma tun da aka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, lesin hutu kawai nake yi wa yara goma sha biyu, daga tara zuwa sha biyu, don a makarantarmu ba a biyan albashin Agusta. Daga azahar har dare ina zaune a bakin baranda. Kun san yadda Agusta yake a garin nan: ruwan Yuni da Yuli ya tsagaita, amma rana ba ta fitowa sosai, sama a lulluɓe, iska mai sanyi tana kaɗawa. A gida kuwa yanzu marka ce. Masara ta yi goyo, dawa ta kai ƙirji. Babana ya haura saba'in, 'yan ƙwadago ne ke masa huɗa da ɗan abin da nake turawa. In na zauna sai in ji ƙamshin gonarmu ta bakin rafi a hancina, alhali kwata ce a gabana.

Abin da ya tono maganar shi ne rasuwar abokina a watan Yuli. Tare muke ƙungiyar mawaƙa a sujadar Hausa, shi ne mai kiɗa mana ganga. Keke yake ja tsakanin Agege da Iyana Ipaja. Shekararsa 41. Hawan jini ne, ya faɗi da safe, kafin yamma ya cika. Ikilisiya ta haɗa kuɗi aka kai gawarsa gida wajen Zonkwa, can matarsa da yaransa suke. Ni da wani ɗan'uwa aka sa mu kwashe ɗakinsa don mai gida na son makullinsa. 'Yan'uwa, shekara goma sha tara mutumin nan ya yi a Legas. Buhun bakko biyu muka cika, sai fanka da risho da katifa. Cikin awa ɗaya muka gama. Bayan mako biyu na bi ta wurin, wani ya riga ya shiga, ya rataya labulensa.

Tun ranar littafin Mai Hadishi nake karantawa, ban iya wuce shi ba. Inda yake tambaya wace riba mutum yake samu daga dukan wahalar da yake sha a duniya, sai in ji kamar ya taɓa haya a Agege.

Akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi. Kafin a haife ni, innata ta binne jarirai uku a jere. Da ta ɗauki cikina ta yi wa Allah wa'adi irin na Hannatu, cewa in ya rayar da ni, nasa ne. Duk ƙauyenmu an san wannan. Tun ina Makarantar Lahadi tsofaffi ke kirana ɗan fasto. Kowa ya ɗauka Kagoro za ni, makarantar tauhidi. Ni kuma na tafi Zariya na yi karatun malanta, daga nan sai Legas. Wanda muke zama benci ɗaya da shi a ajin baftisma, bara aka naɗa shi Rabaran.

To ga tambayata. Yaya mutum zai gane ko yana inda Allah ya ajiye shi, ko kuwa shi Yunusa ne a cikin jirgin Tarshish? Koyar da jimla da ɗebewa ga yaran da bayan shekara biyar ba za su tuna sunana ba, shi ne abin da aka rayar da ni dominsa? Kada ku lallashe ni, ku gaya mini gaskiya.

Maman Biyu, Idi-Araba:

Ɗana, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da kai da iyalinsa, ya raya abin da ya bari.

Na karanta sau biyu, na biyun da hawaye, don na san kwashe ɗaki. Ni na zo Legas a 1989 ina amarya, maigidana ɗan sanda ne. Da ya rasu aka ba ni wa'adi in tashi daga bariki, ni ma da hannuna na ɗaure kayansa, kuma ba su fi na abokinka yawa ba. Daga nan na kama sayar da tuwo da masa a nan Idi-Araba, da shi na yi wa tagwayena makaranta.

Amma ina so in tambaye ka, ka ƙirga abin da ke cikin buhun, ka ƙirga waɗanda suka ba da kuɗin kai gawar? Ka san kuɗin mota daga Legas zuwa Zonkwa da gawa ba wasa ba ne, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Su wa suka ba da shi? Masu gadi ne da masu ja keke da mata irina, waɗanda kowace naira da gumi suka same ta. Ba a yi wa kowa haka, ɗana. Ka je ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 9, labarin Dokas a Yafa. Da Bitrus ya hau bene inda aka shimfiɗe ta, ba akwatinta aka buɗe masa ba. Gwauraye ne suka kewaye shi suna kuka, kowace tana nuna masa rigar da Dokas ta ɗinka. Kayanta ba sa ɗakinta, suna jikin mutane. Ba a rubuta mana wa'azinta ko guda ba, amma an kira ta almajira. Kai da ka san shi, ka zauna ka tuna mutum nawa ya ɗauka a kekensa ranar Lahadi bai karɓi ko kwabo ba. Na tabbata akwai su.

Mu a Zumuntar Mata, kowace Alhamis muna dafa kunu da tuwo mu kai asibitin koyarwa da ke nan unguwar. Akwai mutanenmu na Arewa da ake kawowa, wani ba ya jin Yarbanci, ba ya jin Turanci, ba mai jinya. Kirista da Musulmi duk muna bi. Wata tsohuwa 'yar Sakkwato ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ba don kunun ba, don ta yi kwana tara ba wanda ya ce mata sannu da harshenta. Shekara ashirin da wani abu ina wannan. Ban taɓa jin murya daga sama ta ce mini ga aikinki ba. Wata uwa ce a zumunta ta ce, ke mai tuwo, zo ki riƙe mini kular nan. Na riƙe, har yau ban ajiye ba.

Sai maganar wa'adin innarka, a nan zan yi maka magana a matsayin uwa. Kada ka raina shi, kada kuma ka mai da shi sarƙa. Ita ta ce kai na Allah ne. Ba ta ce wa Allah ga ofishin da za ka sa shi ba. Mutanen ƙauye ne suka ƙara wannan, don a lokacin duk wanda aka ce na Allah ne, bagade kawai ake hango masa. Ka taɓa zama da ita ka tambaye ta me ta faɗa a ranar, da bakinta? Ko kuwa labarin da tsofaffi ke maimaitawa kake ɗauke da shi shekara 38? Tana da rai. Tawa ta tafi da tambayoyin da ban yi mata ba.

Kuma ka daina cewa yaran ba za su tuna sunanka ba. Ni ajin uku na tsaya a Kagoro, amma malamin da ya koya mini lissafin kuɗi, da shi nake ba da canji kowace safiya.

Ɗan Michika, Ajah:

Malam, sannu. Ni ba mai karatu ba ne sosai, gadi nake yi, to ka yi haƙuri da yadda zan faɗa.

Na farko, yaushe rabonka da ka ci ka ƙoshi, ka yi barci har gari ya waye? Ba da wasa nake ba. Abokinka ya mutu, kai ka kwashe ɗakinsa, ba albashi, kuɗin makarantar yara uku na jiranka a Satumba. Duk wanda aka ɗora wa wannan, rayuwa za ta yi masa kama da banza. Iliya ma bayan abin da Allah ya yi ta hannunsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya ce a ɗauki ransa. Mala'ikan bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan kwana arba'in a Horeb aka yi maganar aiki. Rai dangin goro ne. Kuma don Allah ka je a auna jininka, kai ma. Mazanmu a garin nan suna faɗuwa haka kawai, ba wanda ke zuwa awo.

Na biyu, a nan ban bi Mama duka ba, ta gafarce ni. Kowa zai ce maka ka zauna inda kake, Allah na amfani da kai. Mai yiwuwa ne. Amma ba kowa aka rubuta wa Legas ba. Ni ba zaɓa na yi ba. A Satumbar 2014 'yan Boko Haram suka shiga Michika, muka bi duwatsu da ƙafa. Bayan wata guda da ɗoriya suka kama Mubi, har hedikwatar ikilisiyarmu ta EYN a Kwarhi. Na zo nan na kama acaɓa. Ranar 1 ga Yuni 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Eti-Osa inda nake aiki. Babur ɗina ya tafi, ban gama biyan bashinsa ba. Yanzu ƙofar wani nake buɗewa ina rufewa. Babana bai kai ga ganin an koma gida ba, a gudun hijira muka binne shi.

Kai naka yana da rai, gonar tana nan, kana jin ƙamshinta daga Agege. Malam, wannan ƙamshin kada ka yi saurin cewa Shaiɗan ne ko gajiya. Makarantun ƙauyukan Malumfashi sun ƙoshi da malamai ne? Da ni ne kai, da na tambayi Allah wannan da gaske, ba in tambaye shi yadda zan ƙara haƙuri da Legas kawai ba.

Ni dai tambayar dalilin rayuwata, da dare nake yinta, in masu gida sun yi barci, janareta ya mutu. Ban sami amsa mai tsawo ba. Na san dai mutum biyar muka fito daga gida ranar, ni da ƙanwata muka kai Yola.

Dattijo, Ebute Metta:

Malam, ɗana, alheri da salama. Jikata ce ke buga mini wannan, ni ina faɗa, don idona ya yi rauni.

Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Na shigo Ikko, wato Legas, a 1974, a Iddo na sauka da akwatin ƙarfe ɗaya, kuma kamar kai na ce shekara biyu. Yau jikokina Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Saboda haka tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurina.

Ka ambaci Yunusa. Ka lura, Yunusa bai taɓa shakkar inda aka aike shi ba. An ce masa Nineba, da sunanta, ya juya ya sayi tikitin Tarshish. Kai an taɓa ce maka wuri ka ƙi? In an taɓa, kai ka sani, ka tuba ka tashi. In ba a taɓa ba, kada ka ɗora wa kanka laifin wani. Kuma kira zuwa aikin fasto ba a ɗaki ɗaya ake gane shi ba. A Antakiya, Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiya ce tana sujada da azumi aka ce a keɓe Barnaba da Shawulu. In kiran nan yana kanka, dattawan ikilisiyarka sun ga alamarsa ko ba ka faɗa ba. Ka je wurin fastonka da dattawa biyu da ba sa tsoron gaya maka abin da ba ka so. Na yi shekaru a kujerar dattawa, na ga waɗanda suka shiga makarantar tauhidi don kunyar iyaye. Sun wahala, sun wahalar da tumaki.

Wurin da nake so ka zauna a kai shi ne Irmiya sura 29. Kowa ya haddace aya 11, ana rubuta ta a katin biki da bayan mota. Amma wa aka rubuta wa? Mutanen da aka kwashe zuwa Babila ne, suna zaune da kayansu a ɗaure, don a sura 28 Hananiya ya yi annabcin ƙarya cewa cikin shekara biyu za a komo. Shekara biyu, ka ji? Irin tawa da taka. Sai Irmiya ya aiko musu wasiƙa cewa shekara saba'in ce. Ku gina gidaje, ku dasa lambuna, ku yi aure ku aurar, ku nemi zaman lafiyar birnin, ku yi masa addu'a. Yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar nan a Babila aka binne su. Laifin da na gani a kaina shi ne na yi shekara ashirin a Ikko da kayana a ɗaure a zuci. Ban koyi Yarbanci ba, ban san sunan maƙwabcina ba, ban taɓa yi wa garin addu'a ba, sai dai in zage shi a gosulo. Ba zaman ne ya ci mini shekarun ba, rashin sauka ne. Yaron Michika ya yi gaskiya, mai yiwuwa gida za ka koma. Amma ko ka tafi ko ka zauna, ka kwance kayan.

Sai in ba ka labarin da kai ɗan ikilisiyar ECWA ya kamata ka riƙe, don a garin nan ya faru. Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a gaɓar Ikko: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Niyyarsu su kai bishara can ƙasarmu. 'Yan mishan da suka tarar a nan sun gaya musu ba za su kai ba. Zazzaɓi ya kayar da Bingham, aka bar shi a Ikko yana kula da saƙo da kaya, biyun suka wuce. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ba majami'a, ba baftisma ko ɗaya. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ta farko a Pategi. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932, ECWA kuwa sai 1954. Da an kwashe kayan Gowans a Girku, buhu nawa kake jin za a cika? Kuma ta wannan hanyar ce maganar ta bi har ta iso kunnen babanka, ɗan Bamaguje, a ƙasar Malumfashi.

Ban ce kai Gowans ne ba. Na ce shekara 38 ba wurin tsayawa a yi jimla ba ne, kai da kake malamin lissafi. Ubangijinmu da kansa sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara wa'azi, kuma a Nazarat da sunan massassaƙi aka san shi, Markus 6:3.

Abu na ƙarshe, kada ka yanke shawara a Agusta da aljihu wayam. Ka je ka ga iyayenka. Zuwa da kai ya fi aike.

'Yar Ketu:

Kawu, sannu da haƙuri. Ni ƙarama ce a cikinku, a nan Legas aka haife ni, iyayena 'yan Pankshin ne, majami'ar COCIN muke zuwa. Ba ni da amsar tambayarka, amma akwai abin da ya tsaya mini da Baba ya ambaci jikokinsa.

Sai da na kai shekara ashirin kafin na iya karanta Hausa. Kakata ta zo jinya wurinmu, idonta ya mutu, kullum da yamma ta ce in karanta mata Zabura. Na buɗe, na kasa. Ina jin Hausa, ina yi, amma ɗ da ƙ da ɓ suka tsaya mini. Na karanta mata da Turanci, ta yi shiru, ta ce in bari. Wata uku na yi ina koyo da Littafin Waƙoƙi, don na san waƙoƙin da ka, ina bin kalmomin da yatsa. Na samu na karanta mata Zabura 90 da 121 kafin ta koma gida.

A ikilisiyarmu matasa duk sujadar Turanci suke shiga, ta Hausa ta zama ta tsofaffi da sabbin zuwa. Muna da yawa da ba wanda ya koya mana. Ban ce wannan ne kiranka ba, Kawu. Amma in za ka buɗe aji ranar Asabar kafin a koma makaranta, daga Ketu zan kawo ƙannena biyu.

Malamin Agege:

Na gode, iyayena da 'yan'uwana. Na yi kwana huɗu ban amsa ba don ina so in yi abin da kuka ce tukuna.

Ɗan'uwana na Michika, na je awo a kemis ɗin layinmu. Jinin ya hau fiye da yadda ya kamata, an ce in je asibiti a sake dubawa, ranar Talata za ni. Matata ta ce in gode maka da sunanta. Maganar mutum biyar da ka yi kuwa, ban san me zan ce ba. Mun sa ka a addu'ar asuba, kai da ƙanwarka.

Baba, Irmiya 29 ya kama ni. Shekara goma ban sayi gado ba, a katifa muke kwana a ƙasa, kullum ina ce wa matata ai tafiya za mu yi. Amma ka yarda in faɗi inda zuciyata ba ta kwanta ba. Gowans da Kent sun san abin da ya kawo su, sun mutu a kan hanyarsa. Ni abinci na zo nema. Ban ga yadda zan jera kaina da su ba, kuma har yanzu wannan ne ke damuna. Zan ga fasto da dattawa kamar yadda ka ce, na riga na nemi lokaci bayan sujadar Lahadi.

Mama, na kira innata. Sai da ƙanena ya hau tudun makaranta da wayar kafin muka ji juna, ana ruwa a can. Na tambaye ta me ta faɗa a ranar. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce ba a majami'a ta yi wa'adin ba, a gona ne, tana durƙushe tana cirar ciyawa da cikin wata bakwai, kusa da inda aka binne na ukun. Ta ce ta faɗa, kuma ba ta janye ba. Na ce to Inna, na karya ke nan? Ta ce ba ita take bina bashi ba, in tambayi mai shi. Daga nan ta koma tambayar ko yaran suna cin tuwon dawa ko sai shinkafa. Kin ga ba ta sauke mini ba, ba ta kuma ƙara mini ba.

Game da abokina, na zauna na tuna kamar yadda kika ce. Akwai wani tsoho makaho a ikilisiyarmu da yake ɗaukowa daga Dopemu kowace Lahadi. Tun Yuli ban ga tsohon a sujada ba, kuma ban lura ba sai da kika yi magana. Jiya na nemo gidansa.

'Yata ta Ketu, ki kawo su Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma. Ban yi alkawarin abin zai ɗore ba, mu fara da haruffan nan uku da suka tsaya miki.

Kafin nan, Alhamis zan bi motar kawuna da ke komawa Arewa ɗaukar kaya, in sauka Funtuwa in ƙarasa gida, kwana biyar zan yi. A dawowa zan ratsa Zonkwa. Gangar abokina tana wurina, ba ta shiga buhu ba, kuma babban ɗansa ya aiko yana tambayarta.